Saura Mako Guda Ta Fita Takaba

"Yaya Kamalu, wai sai yaushe za ka kunna ne? Tun ɗazu Inna take jira!"

"Ke dai Fiddausi kin cika gajen haƙuri. Jiya na yi wa kwamfutar afdet, na ɗora mata sabon tsari, ki bari ta gama farkawa."

Kamalu ya ɗora laftof ɗinsa a kan kifaffen turmi a tsakar gidan Baffansa da ke Balan. Kaka ce, mata sun baje tabarmi suna ɓarar gyaɗa, har da na maƙwabta da suka ji labarin za a nuna hotunan marigayi suka shigo da farantansu.

Marigayin shi ne Inuwa, ɗan Baffa na fari. Tun Kamalu yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, Baffa ya ɗauko shi, Inna Hajo ta goya shi kamar ita ta haife shi. Ɗaki ɗaya suka tashi da Inuwa, kwano ɗaya suke ci. A farkon damina Inuwa ya yi haɗari a babur yana dawowa daga kasuwar Ajingi, ko asibiti ba a kai da shi ba. Tun daga ranar Inna ba ta iya kallon hotonsa ba, sai a wannan makon ta ce, "Ka kawo min hotunan Yayanku in gani."

A bakin ƙofar ɗakinta Ummu Salma take zaune, matar marigayin, cikin koɗaɗɗen hijabi, ba kwalli ba lalle, 'yarta Khaula a kan cinya. Takaba ta ramar da ita.

Kamalu bai ko kalli wajen ba. Wanda duk ya ga yadda yake kauce wa ƙofar nan zai ce kunyar matar wa ce. To, akwai kunyar, amma ba ita kaɗai ba ce.

Shi ya fara ganin Ummu Salma. Tana 'yar sakandare ta zo shagonsa na kwamfuta a Gaya rajistar jarrabawa, ta bar lambarta da hotonta. A ranar ya ajiye lambar da suna Sanyin Idona. Sai dai Kamalu irin mutanen nan ne masu nauyin baki, ya yi ta juya maganar a ciki yana neman ranar da ta dace. Yana cikin neman rana Inuwa ya dawo daga wani biki a Gafasa, bakinsa har kunne.

"Ƙanena, na samo mana mata!"

Ashe Ummu Salma ce. Kamalu ya haɗiye abinsa, ya ce Allah Ya sanya alheri. Shi ya buga katin ɗaurin auren da hannunsa, shi ya yi abokin ango. Ranar da aka kawo amarya ya canza sunan a wayarsa zuwa Matar Yaya, ya roƙi Allah Ya yaye masa.

Da Inuwa ya rasu, wallahi kukan gaskiya Kamalu ya yi. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Watanni na tafiya wani tunani ya riƙa leƙo masa, yana kora yana dawowa. Ya rasa wanda zai faɗa wa, sai ya faɗa wa kalandar wayarsa. Ya sa ranar da takabar za ta cika, ya haɗa da lambarta, ya rubuta 'yan kalmomi, ya ce ta tuna masa idan saura mako guda. Kamar dai abu ne da zai iya mantawa!

Jiya kuma, shago cike da mutane, laftof ɗin ta gama hawa sabon tsari ta fara jero masa tambayoyi. A haɗa ta da wayarsa? A kwaso kalanda da lambobi? A riƙa nuna sanarwa a kan allo? Shi da kullum yake faɗa wa kwastomomi su karanta kafin su danna, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ya yi ta danna eh, eh, eh, don ta ƙyale shi ya sallami jama'a.

Hoton farko ya fito. Inuwa ne a gona, ya saɓa fartanya yana dariya.

"Abba!" Khaula ta zame daga cinyar uwarta ta rugo. "Inna, ga Abba!"

Inna Hajo ta sa bakin zani tana share ido. Mata suka bar ɓara suka matso.

"Allah Ya jiƙan wannan yaro..."

"Amin. Kai, kamar ka kira shi ya amsa."

"Yaya, caji ya kusa ƙarewa," in ji Fiddausi, ƙanwar marigayin.

"Ki ci gaba da danna nan. Bari in ɗauko abin caji a babur."

Yana zaure ya ji 'yar ƙarar nan, ƙil, bai kawo komai ba. Ashe wani ɗan akwati ne ya zuro daga gefen allo ya rufe kafaɗar Inuwa, ɗauke da hoton Ummu Salma cikin hijabin makaranta.

"A'a, wannan ba Ummu ba ce?" Inna ta ce. "Me aka rubuta a ƙasa? Ko Yayanku ne ya rubuta? Karanta min."

Fiddausi ta karanta da ƙarfi, yadda ake karanta wa tsohuwa, bakinta ya riga hankalinta.

"Sanyin Idona. Fitar takaba, Juma'a mai zuwa. Ka yi wa Baffa magana. Ya Allah, a wannan karon Ka ba ni i..."

Ta tsaya. Ta toshe baki.

Daidai nan Kamalu ya shigo, abin caji a hannu. Tsakar gidan ta yi tsit, sai kaji da ke tsattsagar ɓawon gyaɗa. Idanu duka suka juyo kansa, daga kansa suka koma ƙofar Ummu Salma.

"Ikon Allah," in ji Indo, maƙwabciyarsu, tana jan kalmar. "A wannan karon? Ashe da an taɓa yin wani karon."

"Ba... ba haka ba ne," Kamalu ya ce. "Inna, wallahi..."

Inna ba ta kalle shi ba. Ummu Salma ta miƙe a hankali, ta zo ta ɗauki 'yarta, ta shige ɗaki ta saki labule. Indo ta tattara farantinta, ko gyaɗar ba ta gama ɓarewa ba, ta ce ta bar tukunya a wuta. Sauran ma kowace ta tuna da tata tukunyar.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da Kamalu ya shige ya gode mata. Ya rufe laftof ɗin, ya rungume ta, ya fita ko sallama babu.

A shago ya kwana. Washegari ya ƙi buɗewa, ya zauna a ciki ya bi saitin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Nan ya gano abin da ya faru. Da aka haɗa ta da akawun ɗinsa na intanet, ta tono tsohuwar ajiyar lambobinsa ta shekarun baya ta gauraya da sabuwa, tsohon suna da tsohon hoto suka danne Matar Yaya. Ya kashe sanarwar allo, ya cire wa manhajoji izinin taɓa kalanda da lambobi, ya raba wayar da kwamfutar, ya buɗe wani shafi daban na baƙi wanda ba komai nasa a ciki. Duka aikin bai kai a sha shayi ba. Ihu bayan hari ke nan.

Kuma ko ya ɗora wa na'ura laifin suna, addu'ar fa? Da yatsunsa ya rubuta ta.

Ana nan aka buga ƙofa kamar za a ɓalla.

"Na san kana ciki, ga babur ɗinka nan! Ka buɗe!"

Fiddausi ce, idanunta sun kumbura.

"Ka gudu ka ɓuya, ka bar ta da mutanen gari ko?"

"Fiddausi, ni da wane ido zan..."

"Ita da wane idon? Ka san abin da ake faɗa a wajen niƙa? Ka san abin da ake faɗa a famfo?"

Ta matso kusa da shi.

"Cewa ake tun Yaya yana raye kuke tare! Cewa ake tare kuke ƙirga kwanakin, ita a ɗaki kai a shago!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

"Ban gama ba." Muryarta ta karye. "Yau da safe wata ta tsayar da Khaula a ƙofar gida, ta kama haɓarta tana juya fuskarta... wai tana duba da wa take kama."

Kamalu ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Wannan ce ta kashe shi. Yarinyar da ko goshinta ka kalla ka ga Inuwa!

"Wallahi tallahi ba ta san komai ba. Ban taɓa ce mata ko uffan ba."

"Ni na yarda, don na san ka. Amma ni kake faɗa wa? Tun jiya ko ruwa ba ta sha ba. Ni ma da bakina na karanta, ka sa na zama abin tsana a wajenta." Ta goge hanci da bakin hijabi. "Ka tashi ka je ka wanke ta, Yaya. In ma za ka mutu da kunya, ka wanke ta tukuna."

Bayan la'asar ya isa Balan. Ya tarar da Baffa, Malam Muhammad Bashir, a ƙofar masallaci tare da liman da dattawan unguwa. Ya so ya ja shi gefe, Baffa ya girgiza kai.

"A bainar jama'a aka ɓata ta. Abin da za ka faɗa, faɗe shi a nan."

Kamalu ya cire takalmi ya durƙusa. Ya faɗi komai, tun daga ranar rajista har zuwa danne-dannen shekaranjiya. Sirrin da ya ɓoye wa Inuwa har kabari, ga shi yana zazzage shi a gaban masu furfura, samari sun yi cirko-cirko a bayansa suna ji. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya nemi a kawo Alƙur'ani ya dafa.

"Ba sai ka dafa ba," in ji liman. "Abin da mutum ya ɓoye a ransa game da mai takaba, shari'a ba ta kama shi ba muddin bai furta mata ba. Kowa ya ji, yarinyar nan ba ta da laifi. Wanda ya ƙara taɓa mutuncinta, shi da Allah."

Dattawa suka ce haka ne. Amma Kamalu ya ji wani a baya yana cewa ƙasa-ƙasa, "To da me zai ce?" Magana zarar bunu ce.

Baffa ya shiga da shi gida. Inna Hajo tana zaune a ɗakinta da carbi. Kamalu ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, ki yafe min."

Ta ajiye carbin.

"Ni ma ina ƙirga kwanakin nan, Kamalu," ta ce. "Kullum na idar da asuba sai na ƙara ɗaya, in ce yau ɗana ya ƙara kwana a ƙasa. Ashe tare muke ƙirgawa da kai. Ni ina ƙarawa, kai kana ragewa."

Kuka ya ƙwace masa, irin na yara, har da shessheƙa.

"Inna, wallahi ban taɓa yi wa Yaya fatan..."

"Na sani. Ni na goya ka, na san ba ka da mugun ciki. Na yafe maka. Zafi ne dai na ji."

Baffa ya yi gyaran murya.

"Kai yaro, ka san abin da ya fi ba ni takaici? Tun wata biyu da suka wuce muka zauna da Innarka muka gama magana. Muka ce idan ta fita, za mu je Gafasa mu roƙa maka ita, don Khaula ta tashi a gidan ubanta. Jira kawai muke lokaci ya yi."

Kamalu ya ɗago kai.

"Abin da ake shirin kawo maka har ɗaki, shi ka haura katanga za ka ɗauka. Yanzu ko mun je, ba mu za mu yanke ba. Sai abin da ta ce."

Ranar Juma'a Ummu Salma ta fita takaba. Ba a yi wani taro ba. 'Yan'uwanta suka zo daga Gafasa suka tafi da ita da Khaula, Kamalu kuwa ko hanyar Balan bai bi ba a ranar.

Sai da aka gama kai amfanin gona gida Baffa ya je Gafasa da kansa. Ya dawo ya ce mahaifinta ya bar mata zaɓi, ita kuma ta ce tana son ta yi magana da Kamalu baki da baki.

Ya je da yamma. Aka yi masa shimfiɗa a zaure. Ta shigo. Ta ɗan murmure, ta sa kwalli, amma ba murmushi a fuskarta. Ta zauna nesa da shi.

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya... ya Khaula?"

"Tana ciki, tana barci."

Duk jawabin da ya haddace a hanya ya bi iska.

"Maman Khaula, na zalunce ki. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba."

"Na ji abin da ka yi a ƙofar masallaci. Na gode. Ba kowane namiji ne zai iya ba."

"Ni na ɓata, dole in gyara."

"Bai gyaru ba, Kamalu."

Ta ce da shi haka ba tare da faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi shigarsa.

"Har nan maganar ta biyo ni. Shekaranjiya na je barka, ina shiga aka yi shiru. Wata ta ce min, amarya, yaushe ne? Ka ga jira suke. Ranar da aka ɗaura aurena da kai, ranar kowa zai ce ga shi nan, ai mun faɗa."

"Mu bar garin! Mu koma Kano, ni zan iya buɗe shago a ko'ina. Ummu, ina son ki... tun kafin ki san akwai ni nake son ki. Ke ce sanyin idona, ban taɓa kiran wata da sunan nan ba."

Karo na farko ke nan da ya faɗa da bakinsa, sai ga shi ya faɗa a ranar da ba ta da amfani. Hawaye ya gangaro mata.

"Ni zan iya jure bakin mutane. Khaula fa? Dangin ubanta a Balan suke, nan za ta je sallah, nan za a zo neman aurenta. In na aure ka, wata rana wata za ta ce mata ki tambayi uwarki waye ubanki. Abbanta ba ya nan balle ya kare kansa. Sunansa ne kaɗai gadon da ya bar mata, ba zan bari a taɓa shi ba."

"Za su manta... mutane suna mantawa."

"In ban aure ka ba za su manta."

Ya sunkuyar da kai.

"Bari in faɗa maka wani abu, don kada ka tafi da zaton ƙin ka nake." Ta share ido da bayan hannu. "Tun ina takaba Inna Hajo ta yi min hannunka mai sanda. Ta ce ba ta son Khaula ta yi nisa da gida, ta ce akwai wanda ta yarda da riƙonsa. Na gane wanda take nufi. Na yi ta addu'a a kai, na ji raina ya kwanta."

"Ummu..."

"Da Baffa ya zo kamar yadda suka shirya, ba wanda ya ji komai, da na ce to."

Kamalu ya dafe kai da hannu biyu. Da ma ta zage shi, da ma ta ce ba ta taɓa ganinsa da gashi a ka ba, da ya fi masa sauƙi.

"Don Allah ki sake tunani. Ko shekara nawa ce zan jira, wallahi zan jira!"

"Kada ka jira. Jiran ma magana ce a bakinsu." Ta miƙe, ta gyara hijabinta. "Khaula 'yarka ce, duk ranar da aka kai ta Balan ka ɗauke ta kamar da. Amma nan kada ka ƙara zuwa."

Ta kai bakin ƙofar cikin gida ta tsaya, ba ta juyo ba. Kafaɗunta suna rawa.

"Na yafe maka duniya da lahira. Allah Ya ba ka wadda ta fi ni, Kamalu."

Ya buɗe baki zai ce amin, kalmar ta ƙi fitowa. Ta jira kaɗan, sannan ta shige.

Ya fito ya tarar da dattawa a kan dakali. Ya gaishe su kansa a ƙasa, ya kama babur, ƙafarsa ta kasa tayar da shi. Haka ya riƙa tura shi a cikin yashi, hawaye na zuba a kan tanki, yara suna kauce masa a hanya.

Har ya fita daga Gafasa bai iya cewa amin ba.